Tsufa a Gidan Haya, da Hukuncin Gyaran Gidan da Ba Naka Ba



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da dattawa kan kawo wa malamai a keɓe, bayan an tashi daga karatu, domin kunya ba ta barinsu su yi ta a bainar jama'a. Mutum ne ya haura shekara 60, ƙarfinsa ya ja baya, ya bar aiki ko kuwa aiki ya bar shi, ga shi har yanzu a gidan haya. Rufin ɗakinsa yana yoyo, makewayin ya soma zaftarewa, mai gida ya yi kunnen uwar shegu. A hannunsa akwai ɗan abin da ya tara, wanda bai isa sayen fili ba balle gini. Shin ya zuba shi a gyaran gidan da za a iya fitar da shi daga ciki ƙarshen wata, ko ya riƙe kuɗinsa ya ci gaba da tara ƙwarya a ƙarƙashin yoyo? In ya gyara, almubazzaranci ya yi? In ya ƙi, ya zalunci iyalinsa? Da wuya mai wannan tambaya ya ce shi ne. Yakan ce wani maƙwabcinsa ne. Mun ga ya kamata a fito da ita fili, domin a kowane sahu na masallatanmu akwai mai gidan haya, akwai kuma ɗan haya, kafaɗa da kafaɗa, kuma ɗayansu yana kwana da tsoron ɗayan.

Kakanninmu ba su san wannan damuwa ba yadda muka san ta. A da mutum yakan tsufa a gidan da aka yanke masa cibiya, baƙo kuma in ya zo gari mai unguwa ya nuna masa inda zai kafa bukka, ko wani mai gida ya sauke shi a zaure har ya zama ɗan gida. Garuruwa suka cika suka batse. Ƙidayar shekarar 1988 ta samu mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 7, ta shekarar 2012 ta same su sun haura miliyan 17. Yamai da ke da mutane wajen dubu 400 a ƙidayar farko ta kai miliyan guda a ta biyun. Fili ya zama haja. Gidan gado da a da ake bari a dunƙule, yanzu magada 15 sukan sayar su raba kuɗin, kowa ya samu abin da bai sayi ko ɗaki guda ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya ƙare ƙuruciyarsa ana ɗaga shi daga Tawa zuwa Difa, daga Difa zuwa Dosso, ko'ina haya, yana cewa in ya natsu zai gina. Sai ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, aka raba ƙimarta biyu a dare ɗaya, siminti da kwano da ƙarfe suka yi tashin gwauron zabo. A waɗannan shekaru ne kuma aka yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni. Da aka zo biyan wani sashe na bashin da filaye a farkon shekarun 2000, da yawa sun sayar da nasu nan take, domin su ma bashi ne ya yi musu katutu. Samarin wancan zamani su ne tsofaffin yau. Saboda haka kafin wani ya buɗe baki ya ce, ina yake lokacin da tsararsa ke gini, ya fara tambayar ƴaƴa nawa ya ciyar, ƙannai nawa ya aurar, iyaye nawa ya yi jinya. Akwai wanda sakaci ya kai shi, ba mu musu. Amma mafi yawa gidansu ya tafi ne a cikin tukunyar wasu.

Haya ga saurayi da haya ga tsoho suna ɗaya ne, amma ba abu ɗaya ba ne. Saurayi in an tashe shi, ya kira mai amalanke, kafin la'asar ya kwashe, mako guda ya saba da sabuwar unguwa. Samunsa yana gaba, in haya ta hau shi ma yana sa ran hawa. Tsoho kuwa samunsa ya tsaya ko yana raguwa, haya ba ta tsaya ba. In yana cikin ƴan kaɗan da ke karɓar fansho, to fanshon bai kai albashi ba. In kuwa tela ne ko makaniki ko ɗan tebur, kamar yadda akasarin jama'armu suke, ranar da ido ko gwiwa suka gaza ranar samu ya yanke. Kuma abin da yake rasawa in an tashe shi ba bango huɗu ba ne kawai. Yana rasa masallacin da ƙafarsa ta haddace hanyarsa ko da duhun asuba, da gurbinsa a sahu wanda in ba a gan shi ba kwana biyu za a aika a duba. Yana rasa mai kantin da ke ba shi bashi har ƙarshen wata, da maƙwabciyar da ke leƙa matarsa in ba ta da lafiya, da mutanen da ya tabbata za su ɗauki makararsa. Waɗannan abubuwa shekara 20 ake yi ana gina su, kuma ba a ɗora su a amalanke. Ya zo a hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a mazauninsa, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Ku duba, aminci a mazauni aka fara ambata. Tsohon da ke jin faɗuwar gaba duk lokacin da aka yi sallama a ƙofa cikin kwanakin ƙarshen wata, an tauye masa sulusin wannan ni'ima, ko da cikinsa a ƙoshe yake.

Wannan tsoro yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba: yana rufe baki. Tsoho ya ga bango ya tsage, amma ba zai faɗa ba, domin ya san amsa ɗaya ce cikin biyu, ko a ce in an gyara za a ƙara kuɗi, ko a ce ya fita a yi gyara, in an gama kuma a sa wani. Sai ya yi shiru, damana ta zo. Ambaliyar shekarar 2020 ta cinye unguwannin bakin kogi a Yamai, ta shekarar 2024 ta kashe ɗaruruwan mutane a faɗin ƙasa, ta rusa dubban gidaje, har tsohon masallacin ƙasa na Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi a watan Satumba na wannan shekarar. In masallacin da gari duka ke kallo bai tsira ba, ina ga ɗakin laka a lungu, wanda mai shi ba ya kwana ciki, mai kwana ciki kuma yana tsoron magana?

To mu koma ga tambayar. Akwai masu cewa duk abin da aka kashe a gidan haya asara ne, har kuɗin hayar kansa. Sukan yi lissafi su ce, wanda ya biya jika 30 a wata har shekara 30, ya zuba sefa miliyan 10 da dubu 800 a aljihun wani, bai fita da ko tubali ɗaya ba. Lissafin daidai ne, hukuncin ne ba daidai ba. Malaman fiƙihu sun ce haya sayen amfani ne, kamar yadda ciniki yake sayen ainihin abu. Mutumin nan ya sayi inuwar shekara 30, ya sayi suturar matansa, ya sayi ɗakin da aka haifi ƴaƴansa aka yi musu suna. Abincin da ya ci cikin waɗannan shekaru ma bai bar masa tubali ba, amma ba wanda ya kira shi asara. Muna nanata wannan ne domin mun ga yadda wannan magana take cin zuciyar dattawa, har mutum ya riƙa ganin rayuwarsa duka ta tafi a banza, alhali ya sauke wajibin da Allah Ya ɗora masa na matsugunin iyali, wata bayan wata, da guminsa na halal. Wanda ya yi haka mai lada ne, ba mai hasara ba.

In an fahimci wannan, an samu bakin zaren hukuncin gyara. Abin tambaya ba shi ne gidan na wane ne ba. Abin tambaya shi ne, amfanin gyaran wa zai fara samu, kuma me yake karewa. Rufin da ke zuba a kan tsohuwa mai ciwon ƙirji, da makewayin da zai iya rufta da yaro, da ƙofar da ba ta kulluwa, da katangar da ta faɗi har masu wucewa suna hangen tsakar gida, da dakalin da ya yi wa gwiwar tsoho tsawo yana tuntuɓe a kansa kullum: kashe kuɗi a kan waɗannan ba almubazzaranci ba ne, ko da gobe za a tashe ka. Kare rai ne da lafiya da mutunci, kuma waɗannan naka ne, ba na mai gida ba. Wanda ya bar iyalinsa cikin ruwa don kada mai gida ya ci ribar kwanonsa, ya hukunta matarsa ne a kan laifin wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Hausawa, kuma mai ɗaki a nan shi ne mai kwana ciki.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma shi ma muna ganinsa. Mutum ya karɓi ɗan kuɗin sallamarsa daga aiki, abin da ba zai sake ganin irinsa ba, ya shimfiɗa karo a tsakar gidan haya, ya sa silin, ya canza ƙyaure ya sa na ƙarfe mai ado, domin za a yi bikin ɗiyarsa kuma ba ya son surukai su raina shi. Bayan biki mai gida ya zo ya ga gidansa ya yi kyau, ya ce irin wannan gida ai ya wuce kuɗin da ake biya. Ɗan haya ya sayi ƙarin haya da kuɗinsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce Abdullahi ɗan Amru yana gyaran wata bukkarsu, ya tunatar da shi cewa ajali ya fi wannan kusa. Malamai ba su fahimci haramcin gyara daga wannan ba, sun fahimci cewa kada zuciya ta nutse a cikin laka. In an faɗa wa mai gyaran bukkar kansa haka, me za a ce wa mai ƙawata gidan wani da guzurin tsufansa? A nan shawararmu a fili take. Abin da za ka iya ɗauka ka tafi da shi, kamar katifa mai kyau ga bayan da ya gaji, da fanka, da randa, da gidan sauro, saye shi ba tare da jin nauyi ba. Abin da zai manne da bango, in ba na larura ba ne, riƙe hannunka.

Mun ware abu ɗaya: itace. Ɗan haya yakan ƙi dasa dogon yaro ko lemo a tsakar gida yana cewa wa zai sha inuwar. Imamu Ahmad ya ruwaito umurnin dasa ɗan itacen da ke hannu ko da Ƙiyama tana tsayuwa. Wa'adin mai gida bai kai Ƙiyama gaggawa ba. A nemi izninsa, a nisanta daga bango, a dasa.

Yanzu ga abin da littattafanmu na mazhabar Imamu Malik suka tsara, wanda da an san shi da rigingimu da yawa ba su kai gaban mai unguwa ba. Magana mafi shahara, wadda aka ɗauko daga Ibnul Ƙasim, ita ce ba a tilasta wa mai gida yin gyara. In lalacewar tana cutarwa, ɗan haya yana da zaɓi, ko ya fita ko ya zauna. Wasu malaman mazhabar sun ce a tilasta masa. In ɗan haya ya yi gyara ba da izni ba, ana ɗaukarsa mai sa kai: ranar fita ba ya bin mai gida abin da ya kashe, iyaka a ba shi ƙimar kayan a matsayin ɓaraguzai, ko a ce ya cire abinsa, abin da kuwa ba ya da ƙima in an kankare shi, kamar fenti da yaɓe, ya tafi ke nan. Amma ya halatta tun farko a yi sharaɗi cewa za a yi gyara a cire daga kuɗin haya. Wannan ita ce ƙofar da shari'a ta buɗe, kuma ita ce mutane suka fi sakaci da ita. Kafin ka sayi buhun siminti ɗaya, je ka wurin mai gida da shaidu biyu. A kira magini ya faɗi kuɗin aiki. A rubuta cewa jika kaza za a kashe, za a riƙa cire kaza kowane wata, kuma ba za a ƙara haya ko a tashe ka ba sai an gama cirewa, in kuwa an tashe ka a biya ka saura. Mutanenmu suna jin kunyar takarda, suna ganin neman rubutu tuhuma ce. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ta sauka ne ga Sahabbai, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Mai gidan da kuka yi yarjejeniya da shi da baki mutumin kirki ne, mun yarda. Amma zai mutu, kuma ɗansa da ke Kwatano ko Legas bai ji abin da kuka faɗa a zaure ba.

Haka kuma malamai sun raba haya gida biyu. Akwai wadda aka yanka wa wa'adi, a ce shekara 2 ko shekara 5 a kan kuɗi kaza. Wannan ta lazimci kowa, mai gida ba ya da ikon tashin ka ko ƙara maka kafin wa'adi ya cika. Akwai kuma ta wata-wata, wadda ba a ambaci ƙarshenta ba. Wannan kowane ɗayanku yana iya warware ta, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Kusan duk hayar da talakawanmu ke ciki irin ta biyun ce, wato mafi rauni. Ga saurayi wannan sauƙi ne, domin shi ma yana son ƙofa a buɗe. Ga tsoho kuwa rataya ce. Ya kamata dattijo, ko ƴaƴansa a madadinsa, su nemi haya mai wa'adi ko da za a ɗan ƙara wani abu, domin kwanciyar rai ma abin saye ce. Kuma a mazhabarmu irin wannan haya ba ta warwarewa da mutuwar mai gida ko ta ɗan haya. Magada suna gadon ta yadda take. Ku dubi amfanin wannan ga matar da aka mutu aka bari. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa mai takaba tana da haƙƙin zama in gidan na mamacin ne, ko kuwa ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Wato mutumin da ke haya wata-wata, in ya faɗi yau, matarsa ba ta da tabbacin wata 4 da kwana 10 a ɗakin da aka umurce ta da zama a cikinsa. Wanda ya san wannan, in ya samu wata ƴar rara, biyan hayar wata 6 gaba ya fi masa karo a tsakar gida. Gwamnati ma ta fitar da dokar haya a shekarar 1996, amma doka ba ta iya kare yarjejeniyar da ba wanda ya rubuta.

Sa'an nan mu juyo gare ku, ya ku masu gidaje. Ba mu zo mu maishe ku azzalumai ba. Dukiyarku halal ce, kuma mun san sau da yawa mai gidan haya shi ma tsoho ne wanda ɗakunan nan huɗu su ne fanshonsa, ko gwauruwa mai marayu, wadda in haya ta makara tukunyarta ba ta hau wuta. Ɗan hayar da yake da hali ya ƙi biya, ko ya bar bashin ruwa da wuta ya gudu da dare, ko ya lalata gida yana cewa ba na ubansa ba ne, ya ci haram, kuma furfura ba ta wanke shi. Gidan amana ne a hannunsa. Wanda ya ce a zauna masa kyauta don ya tsufa, ya nemi sadaka ne daga wanda wataƙila ya fi shi bukata.

Amma fa abin da alƙali ba zai hana ka ba, ba duka ne Allah Yake so ba. An ce ɗan haya yana da zaɓi ya fita in gida ya lalace. Wane zaɓi ne ga mai shekara 70 wanda ba ya da kuɗin ajiya na wata 3 da sabon mai gida zai nema, ba ya da na dillali, kuma ana ganin furfurarsa za a ce an riga an ba wani? Zaɓin da mutum ba ya iya ɗauka suna ne kawai. Mai gidan da ya san haka, ya ƙi gyara don ya tabbata tsohon zai gaji ya gyara da kansa, sa'an nan ya ƙara masa haya saboda gyaran, ya ci gumin mutum sau biyu, ko da babu kotun da za ta kama shi. Mai ba da wa'adin mako biyu a tsakiyar watan Agusta, sama a haɗe, ga mutumin da ya biya shi shekara 15 ba fashi, ya yi abin da doka ta wata-wata ta ba shi, amma ya sani Alƙur'ani ya yi umurni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Kuma mutumin da ya zauna gidanka shekara 15 ba baƙo ba ne, in kuna unguwa ɗaya maƙwabcinka ne, haƙƙin maƙwabtaka kuwa bai faɗi don yana biyan ka kuɗi ba. In lalle kana bukatar gidanka, ɗanka zai yi aure ko za ka sayar, faɗa masa tun da wuri, ka ba shi watanni ba kwanaki ba, ka bar damana ta wuce, ka biya shi abin da ya manna a bangonka ko da littafi bai tilasta maka ba. In ƙari za ka yi, yi shi gwargwadon abin da ka san zai iya, domin ka fi kowa sanin samunsa.

Akwai wata magana da ake yawan jefa wa tsohon ɗan haya don a rarrashe shi, a ce ai dukanmu ƴan haya ne a duniya, gidan gaskiya yana gaba. Maganar gaskiya ce. Sai dai mun lura galibi masu faɗinta takardar filinsu tana cikin akwati an kulle. In mai haya ya faɗa wa kansa, haƙuri ne da tawakkali, kuma Allah Ya ba shi ladansa. In mai gida uku ya faɗa masa, alhali yana iya sauƙaƙa masa bai yi ba, to ya mai da wa'azi mayafin rowa. Muhajirai da suka iso Madina ba su da ko ɗaki, Ansaru ba su ce musu duniya ba wurin zama ba ce. Sun buɗe musu gidajensu. Manzon Allah kansa a gidan Abu Ayyuba ya sauka har aka gina ɗakunansa, waɗanda ba su da kowa kuma aka yi musu rumfa a cikin masallaci.

Wanda nauyin ya fara hawa kansa, kafin mai gida da kafin jama'a, shi ne ɗa. A mazhabarmu ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace, kuma matsuguni yana cikin ciyarwa. Ba kyauta ba ce da za a yi ranar Salla a ɗauki hoto. Abin mamaki ne a ga ƴaƴa biyar, kowa da albashi ko shago, sun haɗa kuɗi sun yi wa ƙanwarsu kayan ɗaki na miliyoyi, ubansu kuwa yana ɓuya in ya hango mai gida. Wani ya sake komawa Makka karo na uku, uwarsa tana ɗakin haya mai yoyo. Jika biyar-biyar daga mutum biyar, in an tsayar da ita kowane wata aka miƙa wa mai gida kai tsaye, ta cire wa tsoho abin da ke hana shi barci. In kuwa za a ɗauke shi a kai shi gidan ɗa, a tambaye shi tukuna. Wani ya fi son ɗakinsa na haya kusa da masallacinsa a kan bene a unguwar da bai san kowa ba, kuma yana da gaskiya.

Saura wanda ba ya da ɗa, ko ƴaƴan nasa su ma neman na yau suke. Abu Yusufa ya kawo a littafinsa na haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya kama hannunsa, ya sa aka yanka masa abin rayuwa daga baitulmali, yana ganin rashin adalci ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi ranar tsufa. Wannan wanda ba Musulmi ba ke nan. Mu kuwa muna da hanyoyi biyu a cikin littattafanmu da muka bari ƙura ta rufe. Ta farko wakafi. Buhari ya ambata cewa Zubairu ɗan Awwam ya mai da gidajensa sadaka, ya sharɗanta cewa duk ɗiyarsa da aurenta ya mutu tana da ikon zama ciki. Mu a nan in an ce wakafi masallaci kawai muke tunawa, har unguwa ɗaya ta samu masallatai huɗu suna jin kiran sallar juna, ladanin ɗayansu kuwa ana bin sa hayar wata 3. Kwamitocin masallatai sun iya gina shaguna a jikin katanga don samun kuɗin wuta da tabarmi, kuma hakan ya yi kyau. Ɗaki biyu da makewayi a bayan masallaci, a tsayar da su ga tsofaffin unguwa marasa gata, ba su fi shago huɗu tsada ba.

Ta biyu ita ce abin da malamai ke kira umra, ba Umrar zuwa Makka ba, kalma ce daga umuru, wato tsawon rai. Ma'anarta mai gida ya ce wa mutum: na ba ka zaman wannan ɗaki muddin kana raye. A wurin Imamu Malik amfanin ɗakin ne aka bayar ba ɗakin kansa ba, saboda haka ranar da mazaunin ya rasu ɗakin yana komawa ga mai shi, ko ga magadansa in shi ma ya rasu. Wannan ta dace da mai son alheri wanda yake tsoron tauye gadon ƴaƴansa: bai fitar da komi daga dukiyarsa ba face hayar ɗaki ɗaya na wasu shekaru. Mai ɗakuna goma a Maraɗi ko Ƙonni, wanda a cikinsu akwai tsohuwar da ta biya shi tun yana saurayi, yana iya yi mata wannan gobe bayan sallar asuba. Sharaɗin kawai a yi shi yana da lafiya ba a ciwon ajali ba, ta kasance tana cikin ɗakin, a rubuta sunanta da iyakar ɗakin, a faɗi ko zaman ya haɗa da mijinta ko jikar da ke yi mata hidima, a faɗi wanda zai ɗauki gyaran rufi, liman da mai unguwa su sa hannu, a ba babban ɗan mai gida kofi ɗaya ya ajiye.